Yadda ake goge SSD ƙarƙaf kafin kwamfuta ta bar hannunka

Kwamfutar da za ka sayar, ko ka ba ƙaninka, ko ka mayar wa ofis, takan tafi da abin da ya fi kuɗinta daraja. Akwai hoton katin NIN, takardun banki masu ɗauke da BVN, hotunan iyali, da kalmomin sirrin da burauza ta riga ta haddace. Wanda ke da shagon buga takardu ko rajistar jarrabawa kuwa nasa ya fi nauyi, domin sirrin da ke cikin na'urarsa na mutane ne, amana aka ba shi. Dokar kare bayanai da Nijeriya ta kafa a 2023 ma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su. Kuma sakacin ba a nan kaɗai yake ba. A 2019 kamfanin Blancco ya sayi ma'adanan kwamfuta na hannu guda 159 a eBay, ya tarar kashi 42 cikin ɗari suna ɗauke da bayanan da bai kamata su fita ba.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, SSD, wato ma'adanar bayanai ta zamani marar faifai mai juyawa, ba ta goguwa da kyau daga waje. Dole ka umarci ita kanta ta goge kanta, ko ka hallaka makullin da aka sakaya bayanan da shi, wato lambar sirrin da ba a iya karanta su sai da ita. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Dalilin da ya sa tsohuwar dabara ba ta aiki

A tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, kowane bayani yana da mazauninsa guda. Ka rubuta sifili a kansa, ya tafi ke nan. Daga can aka gaji manhajoji irin su DBAN, da tsarin rubutu sau uku da ake jinginawa ga ma'aikatar tsaron Amurka, da na sau 35 da Peter Gutmann ya wallafa a 1996. Masu gyara da yawa har gobe da su suke aiki, ba tare da sun duba wace irin ma'adana ce a gabansu ba.

SSD ba ta da faifai. Ƙwayoyin ajiya ne na NAND, tare da wata ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke jagorancinsu, kwantirola. Ƙwayoyin nan suna da wata ɗabi'a: ana rubuta musu kaɗan-kaɗan, shafi bayan shafi, amma ba a iya goge shafi ɗaya sai dai a goge rukunin shafuka gaba ɗaya. Kamar allo ne da ba a kankare masa harafi guda, sai dai a wanke shi duka. To idan ka gyara fayil, kwantirola ba ta tsayawa wankin allo. Sabo take ɗauka ta rubuta gyaran, ta jingine tsohon a gefe da rubutunsa, sai ta samu sarari ta wanke. Tana kuma yawo da rubutu daga wannan ƙwaya zuwa waccan don kada wata ta riga wata tsufa, tunda kowace ƙwaya tana da iyakar yawan gogewar da za ta jura.

Bayan haka akwai wurin da aka ɓoye. SSD da aka rubuta wa 240 GB a jiki, sau da yawa ƙwayoyin da ke cikinta na 256 GB ne, ragowar kwantirola ce ke juya su yadda take so. Windows ba ya ganin wurin, manhajar gogewa ma ba ta ganinsa, amma tsofaffin bayananka suna iya kwana a can.

An gwada wannan a aikace. A 2011 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke San Diyego, Michael Wei da abokan aikinsa, sun ciro ƙwayoyin daga jikin SSD suka karanta su kai tsaye. Da suka rubuta wani abu a kan fayil guda don su hallaka shi, sun tarar tsakanin kashi 4 zuwa 75 cikin ɗari na abin da ke cikinsa yana nan. Don haka manhajar da ta ce za ta niƙe maka fayil ɗaya a kan SSD, kada ka dogara da ita.

A yi adalci: tun daga Windows 7 akwai umarnin TRIM, wanda ke sanar da SSD cewa ba a bukatar wasu shafuka. Shi ya sa bayan fomat manhajojin dawo da fayil kan fito hannu rabbana. Sai dai TRIM sanarwa ce kawai, kwantirola ce ke zaɓar ranar da za ta yi wankin, kuma ta igiyar USB sau da yawa sanarwar ba ta isa.

Kafin ka taɓa komai

Kwashe abin da kake so zuwa wata ma'adana, sannan ka buɗe wasu fayilolin daga can ka tabbata suna buɗuwa. Bayan gogewar da za mu yi babu ƙwararren da zai dawo maka da ko hoto ɗaya.

Fita daga asusunka na Microsoft, Google da iCloud. A wayarka ka shiga WhatsApp ka cire kwamfutar daga jerin na'urorin da aka haɗa. Mai Mac ya kashe Find My, in ba haka ba wanda ya saya zai tarar da na'ura a kulle.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ba ƙarama ba ce. Laftof ya kasance batirinsa a cike kuma caja na jiki. Kwamfutar tebur kuwa kada ka fara sai da UPS ko inbata, ko janareto mai isasshen mai. Gogewar kanta ba ta cika wuce 'yan mintuna ba, amma ɗaukewar wuta a tsakiyarta na iya barin SSD a kulle.

Idan akwai wata ma'adana a jikin kwamfutar da ba ka nufin gogewa, cire ta da hannu. Kuskuren harafi ɗaya a suna ya isa ya tafi da wadda ba ita ake nufi ba.

Daga nan ka gano irin SSD ɗinka, domin umarninsu ya bambanta. Mai kamar ƙaramin akwati, wadda ake kira ta inci 2.5, yawanci SATA ce. Siririyar nan mai tsawon yatsa da ake ɗaurewa da noti ɗaya, M.2 ke nan, yawanci faɗinta milimita 22 tsawonta 80, kuma tana iya zama SATA ko NVMe. Karanta takardar da ke manne a jikinta, ko ka bari Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ya gaya maka a matakin da ke gaba.

Fara da hanya mafi sauƙi

Duba BIOS tukuna, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta kafin Windows ya tashi. Kwamfutocin ofis da yawa, irin waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu, suna da abin gogewa a cikinsu. A Dell ana shiga da F2 a nemi Data Wipe. A HP ana shiga da F10, ƙarƙashin Security akwai Secure Erase. Sababbin ThinkPad na Lenovo suna da Secure Wipe. Waɗannan suna aika wa SSD umarnin gogewa na asali, kuma ba sa bukatar ka rubuta komai. In ka samu, yi amfani da shi ka wuce zuwa matakin tabbatarwa.

In babu, sai manhajar kamfanin da ya ƙera SSD ɗin: Samsung Magician, Crucial Storage Executive, Kingston SSD Manager da makamantansu. Matsalarsu ɗaya, ba sa iya goge ma'adanar da Windows ke gudana a kanta. Ko dai ka saka SSD ɗin cikin wata kwamfuta a matsayin ta biyu, ko manhajar ta haɗa maka filashin da za ka kunna kwamfutar da shi.

Mai Mac ɗin da ke da ƙwaƙwalwar Apple ta jerin M ko guntun tsaro na T2, aikinsa ya fi na kowa sauƙi. Tun daga macOS Monterey na 2021 akwai Erase All Content and Settings. Bayanan da ke cikin irin waɗannan na'urori dama a sakaye suke, don haka makullin kawai ake hallakawa, abin da ya rage ya zama tarkacen da ba ya karantuwa.

Game da Reset this PC na Windows, ka zaɓi Remove everything sannan ka kunna Clean data. Ya wadatar idan kwamfutar cikin gida za ta zauna kuma babu wani babban sirri a ciki. Amma Microsoft da kansa ya ce wannan gogewar ba ta kai matsayin da gwamnatoci da masana'antu ke nema ba. A farkon 2022 ma an gano kuskure a Windows 10 da 11 da ke barin wasu fayilolin OneDrive a cikin Windows.old bayan an yi ta, kafin a gyara. Kwamfutar da za ta shiga kasuwa, ni ba zan tsaya a nan ba.

Hanyar Linux, wadda ke aiki ga kusan kowace SSD

Nemi filashi mai 8 GB ko fiye, ka sauke Ubuntu, wani nau'in Linux, ka ɗora shi da Rufus ko Ventoy. Kunna kwamfutar daga filashin ta danna F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. Zaɓi Try Ubuntu, kada ka zaɓi girkawa. Haɗa intanet, buɗe Terminal, ka rubuta:

sudo apt install hdparm nvme-cli

lsblk -d -o NAME,MODEL,SIZE,TRAN

Za ka ga jerin ma'adanai da sunan kamfani da girmansu. Wadda aka rubuta wa usb filashinka ne, ka bar shi. SATA takan fito da suna irin sda, NVMe kuma nvme0n1. Dubi girman da sunan sau biyu, domin sunan da taka ta fito da shi za ka sa a umarnin da ke tafe. In SSD ɗin ba ta bayyana ba sam, koma BIOS ka sauya tsarin ma'adana daga RAID zuwa AHCI, wannan yakan faru a Dell.

Sharaɗi guda mai muhimmanci: SSD ɗin ta kasance a soke cikin kwamfutar kai tsaye. Kada ka aika waɗannan umarnin ta akwatin USB, domin da yawansu ba sa isar da umarnin yadda ya kamata, wasu ma sukan bar ma'adanar a kulle.

Idan NVMe ce

Tambaye ta abin da take iyawa:

sudo nvme id-ctrl /dev/nvme0 -H | grep -i -E "sanitize|crypto|format"

Cikin layukan da za su fito ka nemi Block Erase Sanitize Operation Supported ko Crypto Erase Sanitize Operation Supported. Umarnin Sanitize ya shigo ne da NVMe 1.3 a 2017, kuma shi na fi so, saboda dalili biyu. Yana bin duk inda bayani zai iya maƙalewa, har ɓoyayyen wurin nan da ma'ajin wucin gadi. Sannan da zarar ya fara ba ya fasawa, ko an ɗauke wuta, in ta dawo zai ci gaba daga inda ya tsaya.

sudo nvme sanitize /dev/nvme0 --sanact=2

Lamba 2 tana wanke ƙwayoyin duka. Lamba 4 makulli take hallakawa. In SSD ɗin tana iya duka biyun, yi 4 sannan ka bi da 2. Umarnin zai dawo maka nan take kamar ya gama, alhali aikin yana gudana a ciki. Duba da wannan:

sudo nvme sanitize-log /dev/nvme0

Jira har SPROG ya nuna 65535, SSTAT kuma ya nuna 0x101. Sai a lokacin aka gama.

Tsofaffi da masu araha da yawa ba su san Sanitize ba. Su sai wannan:

sudo nvme format /dev/nvme0n1 --ses=1

Kada sunan ya ruɗe ka, wannan ba fomat ɗin Windows ba ne. Lamba 1 tana umartar kwantirola ta goge bayanan mai amfani gaba ɗaya, 2 kuma ta hallaka makulli idan SSD ɗin tana da shi. In ta ƙi karɓa, sa kwamfutar barci ka tashe ta, ka sake gwadawa.

Idan SATA ce

Nan ne aikin ya fi bukatar natsuwa.

sudo hdparm -I /dev/sda

Gangara ƙasa zuwa sashen Security. Za ka ga gajerun layuka a jere: supported, not enabled, not locked, sai ko dai frozen ko not frozen. Ƙarƙashinsu akwai kiyasin lokaci, galibi wani abu kamar 2min for SECURITY ERASE UNIT.

Yawanci frozen za ka tarar. BIOS ne ke daskarar da umarnin tsaro lokacin kunnawa, don kada muguwar manhaja ta kulle maka ma'adana. Maganinsa barci:

systemctl suspend

Jira daƙiƙa kaɗan, danna maɓallin kunnawa, ka sake duba. Barcin yana yanke wa SSD wuta, ta farka ba tare da daskarewar ba. Sai ka ga not frozen za ka ci gaba.

Ƙa'idar SATA ba ta yarda a goge ba sai an sa kalmar sirri ta wucin gadi. Sa mai sauƙi, kuma ka rubuta ta a takarda:

sudo hdparm --user-master u --security-set-pass kano /dev/sda

sudo hdparm --user-master u --security-erase kano /dev/sda

In a sashen Security ka ga supported: enhanced erase, yi amfani da --security-erase-enhanced a umarni na biyu, domin an tsara shi ya haɗa da wuraren da kwantirola ta riga ta yi wa ritaya. Kada ka taɓa kwamfutar sai ta dawo maka da layin rubutu. Daga nan ka sake hdparm -I, dole ka ga not enabled, alamar kalmar sirrin ta tafi tare da bayanan.

In wuta ta yanke a tsakani SSD ɗin ta tashi a kulle, ba ta mutu ba. Kalmar da ka rubuta a takarda ita ce mafita: --security-unlock sannan --security-disable, kowanne da kalmar, sai ka sake farawa. Wanda ya sa doguwar kalma ya manta ta, shi ne ke shiga wahala. Wasu SSD suna da lambar PSID mai haruffa 32 a takardar jikinsu, wadda ke mayar da su yadda suka fito daga masana'anta idan kullen na Opal ne, wani tsarin tsaro da ke cikin wasu SSD, ta manhajar kamfanin ko sedutil.

Tabbatarwa

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma bai kamata ba. A binciken San Diyego ɗin nan, cikin SSD bakwai da aka iya tantance umarnin gogewarsu, huɗu ne kawai suka yi shi daidai. Ɗaya ta ba da rahoton ta gama, alhali komai yana nan. Na'urorin yau sun fi na 2011 inganci, amma dubawa ba ta cin komai:

sudo hexdump -C /dev/sda | head -n 40

Mai NVMe ya sa nvme0n1 a madadin sda. Idan sifili ne ko'ina, umarnin zai yi shiru yana bin ma'adanar, abin da zai nuna kuma layi ɗaya ne na sifili da alamar tauraro a ƙarƙashinsa. Bar shi ya kai ƙarshe in kana da lokaci. Bayan hallaka makulli wasu SSD kan nuna haruffa barkatai marasa ma'ana, wannan ma daidai ne. Abin da bai kamata ka gani ba shi ne kalmomi irin NTFS ko EFI PART, ko sunan fayil ɗinka. Ƙara da PhotoRec, manhajar dawo da fayil ta kyauta da ke zuwa tare da testdisk. In ta kammala ba ta tsinci komai ba, madalla.

Ka sani dai wannan dubawar tana ganin abin da kwantirola ta nuna mata ne kawai. Ga mai sayar da laftof ɗinsa ya wadatar. Asibiti, banki ko ofishin lauya kuwa su bi ƙa'idar Amurka ta NIST SP 800-88, wadda ta raba gogewa hawa uku, sharewa, tsarkakewa da hallakawa, su kuma rubuta lambar kowace ma'adana, ranar da aka goge ta, hanyar da aka bi da wanda ya yi aikin. A 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35 saboda na'urorin da aka sayar ɗauke da bayanan abokan hulɗa.

Waɗanda ba sa karɓar umarni, da waɗanda suka mutu

SSD ta waje mai igiyar USB, filashi, da ƙananan laftof masu ma'adanar eMMC ta 32 ko 64 GB da aka liƙe a jikin allon na'ura, galibi ba za ka samu damar aika musu waɗancan umarnin ba. Abin yi shi ne ka sakaya ma'adanar duka da BitLocker ko VeraCrypt, ka zaɓi a sakaya dukkan wurin ba wanda ke ɗauke da fayil kaɗai ba, ka yi fomat, sannan ka cika ta maƙil da bayanan banza sau biyu. Masu binciken San Diego ɗin nan sun ga rubutu sau biyu a kan ma'adana gaba ɗaya yakan wadatar a mafi yawan lokuta, ko da yake ba kullum ba. Saboda haka in sirrin mai nauyi ne, irin wannan ma'adana ba ta sayarwa ba ce.

SSD da ta daina aiki ita ta fi yaudara. Sau da yawa kwantirola ce ta mutu, ƙwayoyin suna nan lafiya da bayanansu. Maganaɗisu ba ya yi mata komai, jiƙa ta a ruwa ma haka. Buga ƙusa ta saman akwati kuma ba tabbas, domin in ka kwance mai inci 2.5 za ka tarar allon da ke ciki wani lokaci bai kai rabin akwatin ba, sauran iska ce. Kwance ta, ka ciro allon, ka nemi baƙaƙen ƙwayoyin nan masu kusurwa huɗu a gaba da baya, ka farfasa kowace ɗaya da guduma har ta zama tsaki. Ka sa tabarau don tartsatsi, kuma kada ka ƙona ta, hayaƙinta guba ne.

Ga sabuwar kwamfutar da za ta maye gurbin wannan, kunna sakayawa tun ranar farko, kafin fayil ɗinka ko ɗaya ya shiga: BitLocker ko Device encryption a Windows, FileVault a Mac, LUKS a Linux. Sakayawar da aka yi daga baya ba ta kaiwa ga tsofaffin shafukan da kwantirola ta jingine, wadda aka yi tun farko kuwa ba ta barin komai ya sauka a buɗe. Na fi amincewa da wadda manhaja ke yi a kan wadda SSD ke iƙirarin yi da kanta, domin a 2018 masu bincike a Jami'ar Radboud ta Holan sun buɗe wasu SSD masu sakaya kansu ba tare da kalmar sirri ba, abin da ya sa Microsoft ya mayar da BitLocker kan sakayawar manhaja a 2019. Makullin ceto mai lambobi 48 da BitLocker zai ba ka, rubuta shi ka ajiye nesa da kwamfutar, kuma ranar da za ka rabu da ita ka share kwafinsa daga asusunka na Microsoft bayan ka gama gogewa.